Ranar da Na Gyara wa Jikata Ɗaukar Ƙwarya

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a gaban iyayen yara a makarantar jikata ba. Abin da na yi ranar, har yau in ya faɗo mini a rai sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. (Matar ɗana ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ban yi boko ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Tun ban fara ba take dariya, na ce ta yi ta gama, ina jira.)

Ni mutuniyar ƙasar Haɗeja ce. A ƙauyenmu ba a biki ba a suna sai da ni, ba don na fi kowa zani ba, sai don bakina. In na zauna ba da labari, mai jego takan manta da jariri a cinya, tuwo ya kama a tukunya. Bayan rasuwar maigidana, yaron nan (ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, ku yi haƙuri) ya matsa sai na dawo wurinsa Abuja. Da aka ce Abuja, na zaci ta taga zan riƙa gaisawa da manyan ƙasa. Ashe can bayan Karu ne, hanyar Orozo, inda gidajen haya suka cinye gonaki, in an yi ruwa sai ka tattare zani.

Ranar da ya ɗauko ni daga tasha, muna cikin mota na hango mata a bakin hanya da doya da itace a manyan ƙorai, ba a ka ba, a kafaɗa, sun ɗan karkatar da wuya. Na ce masa, "Kai, garin nan ciwon wuya ya yi wa mata yawa." Ya yi dariya, ya buɗe baki zai yi magana, sai wayarsa ta yi ƙara, ogansa ne. Ni kuwa na riga na yanke hukunci, ban ƙara tambaya ba. Haka nake. In na ce na gane abu, to na gane shi, ko da ban gane ba.

Abin da ya zaunar da ni a garin nan jikata ce, Husna, 'yar aji biyar, wadda nake kira ƙawata. Kwanonmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya. Makarantarsu ta gwamnati ce, tana can ƙarshen unguwa, bayanta kuma tsohon ƙauyen 'yan asalin wurin. Mu can gida Gwarawa muke ce musu, Husna ta ce in daina, Gbagyi suke so a kira su, na daina.

To bari in gaya muku abin da ya kamata in sani tun farko, wanda sai bayan na ɓata na sani. Filin makarantar nan gonar kakanninsu ce, su suka bayar. Da aka tashi yin katanga, sai aka toshe hanyar da matansu ke bi zuwa rafi da gona, ba wanda ya ce musu ko sannu. Tun daga nan suka ɗauke ƙafa. Yaransu na zuwa karatu, amma iyaye ko an kira taro ba a ganin ƙeyarsu. Sai aka kawo sabuwar shugabar makaranta, Madam Hannatu, mutuniyar Filato, doguwa mai haƙurin tsiya. Ita ta bi su gida-gida, ta sa aka fasa katangar aka yi ƙaramar ƙofa, ta kuma ƙirƙiro cewa duk Alhamis kakanni su shigo makaranta su koya wa yara abin da suka sani. Ta daɗe tana lallashi kafin wata tsohuwa, Mama Asabe, ta yarda. Ita kuwa Mama Asabe in ta shiga wuri, matan ƙauyen duk sun shiga. In ta fita, sun fita.

Daga nan aka shirya ranar iyaye, aka ce yara su yi musaya. 'Ya'yan Hausawa su yi shigar Gbagyi, 'ya'yan Gbagyi su yi ta Hausawa, haka sauran ƙabilu, kowa ya ɗanɗani na ɗan'uwansa. Mama Asabe da kanta ta zaɓi Husna ta ja gaba, saboda Husna ce aminiyar jikarta Rifkatu, benci ɗaya suke zama. Har ta ba ta aron ƙwaryar da ta gada wurin uwarta.

Ni ma Madam Hannatu ta zo har gida ta gayyace ni in yi wa yara tatsuniya ranar. Sai da na ja mata rai. Na ce mu a wurinmu ba a tatsuniya da rana. Ta roƙa, na ce to saboda ke. Ta ce in riƙa zuwa Alhamis ɗin nan mana, in saba da sauran kakanni. Na ce, "Madam, gwaji na masu koyo ne. Ni ranar kawai za ku gan ni."

Husna ta yi ƙoƙarin gaya mini, Allah ya gani. Takan dawo da ɗokinta ta ce, "Kaka, kin san yau Mama Asabe ta ce ni ce zan…" Sai in katse ta, "Bari, ƙawata, saurara ki ji yadda zan shigo da kurar nan cikin tatsuniyata." Haka muka yi ta yi har ranar ta zo. Ni ina jin muryata, ita tana haɗiye tata.

Ranar na sha lalle, na ɗaura leshin da nake ajiyewa don manyan bukukuwa, na kafa ɗankwalin da aka kawo mini daga Makka, na yafa mayafi, na yi turare har matar ɗana ta yi atishawa. Aka zaunar da ni layin gaba a ƙarƙashin rumfa, kujera mai katifa. Kusa da ni wata 'yar tsohuwa ce siririya cikin baƙin zani, ba ɗan kunne ba awarwaro. Ta juyo ta ce, "Mama, sannu. Kai ne kakan Husna?" Na ce a raina, yau ga wata ta mai da ni namiji. Na gyaɗa kai. Ta ce, "Yarinyan ka yana da hankali sosai." Na ce, "Gado ne." Na juya na ci gaba da bitar kurata.

Wani malami ya riƙe makirufo yana ta zuba Turanci, mutane na tafi. Ban ji ko kalma ba, ban kuma tambaya ba. Aka yi waƙa, aka yi jawabi, ni dai ina jiran a kira ni. Can sai aka saki ganguna, wani kiɗa da ban taɓa ji ba, mai shiga ƙirji. Yara mata suka fito a jere daga bayan aji. Wa zan gani a gaba? Husna. Ta ɗaura baƙin zani, ga duwatsu a wuya, tana taku ɗai-ɗai, ƙwarya cike da dawa a kafaɗarta, ta karkatar da wuya.

Jikata! Jikar matar da ta yi shekaru tana ɗauko tulu daga kogi, goyo a baya, hannuwa biyu a sake, ko ɗigo bai zuba ba. Yau ita ce a gaban duniya ba ta san inda ake ɗora ƙwarya ba. Wuri ya ɗauki tafi da guɗa, ni kuwa kunnena ya juya mini shi ya zama dariya. Na ce wato birni ya lalata mini yarinya, malamai sun zuba ido, yanzu kuma an fito da ita ana yi mana ba'a.

Na miƙe. Matar ɗana ta kama gefen mayafina daga baya, "Hajiya, ina za ki? Hajiya!" Na fizge. Na ratsa tsakiyar fili da takun nan nawa na zuwa raba faɗa, na ɗaga hannu. Makaɗa suka ga tsohuwa cikin leshi ta ɗaga hannu, suka zaci wata babba ce daga ofis, suka tsaya cak.

Na sa hannu ƙarƙashin mayafi na zare ɗankwalin Makka, na naɗe shi na yi gammo, irin gammon da ko a ƙauyenmu sai an yaba. Husna ta zaro ido, tana magana ƙasa-ƙasa, "Kaka, don Allah. Kaka, ki bari, haka ake yi. Kaka, don girman Allah." Na ce, "Yi shiru, yau zan fitar da ke kunya." Na ɗora mata gammo, na ɗauke ƙwaryar daga kafaɗa na dasa mata a tsakiyar ka, na dafa haɓarta na miƙar da wuyan. Na ja baya na duba aikina. Ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Malamin nan mai makirufo ya matso zai lallaɓa ni in koma kujera. Ni kuwa na zaci lokacina ne ya yi, na karɓe abin daga hannunsa. Ban taɓa jin muryata ta cika fili haka ba, daɗi ya kama ni. Na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Ku yi haƙuri, gyara na zo yi. Tun da Allah ya yi duniya, kaya a ka ake ɗauka. Duk wadda ta koya wa yaran nan wannan karkataccen ɗauka, ko dai ba ta tashi gaban uwa ba, ko kuwa wuyanta ke ciwo. In ciwo ne, a taimaka a kai ta asibiti."

Na dakata don a yi dariya, yadda na saba. Ba wanda ya yi ko tari. Har kukan akuya na ji daga can bayan katanga.

Sai na ga 'yar tsohuwar nan ta kusa da kujerata ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta tako har inda muke, ba ta dube ni ba. Ta sa hannu biyu ta sauke ƙwaryar daga kan Husna, ta goge gindinta da gefen zaninta kamar an sa mata datti, ta ɗora a kafaɗarta. Ta shafa kumatun Husna, ta juya ta nufi ƙaramar ƙofar nan ta katanga. Mata suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya suna bin ta. Mazansu ma suka miƙe. Makaɗa suka rataya gangunansu. Kafin ka ce me, gefe guda na rumfar ya zama kujeru zalla. Madam Hannatu ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta bi su da gudu tana kira, "Mama! Mama Asabe, don Allah!"

Ina tsaye ina mamakin abin da ya kore su, sai idona ya faɗa kan layi na biyu na yara, masu jiran fitowa. A gabansu Rifkatu ce, wadda na sha gani a gidanmu. Ta sha atamfa da ɗankwali da lalle, ƙwaryar fura a kanta, gammo daram, ta fi wasu 'ya'yan Hausawa iya tsayuwa. Hawaye na zuba a fuskarta, amma ba ta bar ƙwaryar ta motsa ba. Na dube ta, na dubi Husna cikin baƙin zani, na tuna matan bakin hanya da doyarsu. Matar ɗana ta iso ta raɗa mini a kunne, "Hajiya, al'adarsu ce. Musaya aka yi. Wadda ta koya musu ita ce ta zauna kusa da ke."

Na ce, "Innalillahi! Ashe ita ce mai ciwon wuyan?"

Na manta makirufo na hannuna. Har masu sayar da rake a bakin titi sun ji.

Yadda na bar filin nan ban sani ba. Na dai tuna mayafina ya zame, furfurata a waje, ɗankwalin Makka yana ƙasa cikin ƙura, ba wanda ya ɗauko mini. Kurar da na yi makonni ina shiryawa ko leƙowa ba ta yi ba.

A gida Husna ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ɗauki kwanonta ta koma wurin uwarta. Da safe ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Hajiya." Hajiya! Yarinyar da tun tana tatata take ce mini Kaka. Ranar Litinin ta dawo ta gaya wa uwarta, ba ni ba, cewa Rifkatu ta canza benci. Alhamis ta zo, ba kaka ko ɗaya da ta shiga ta ƙaramar ƙofa.

Yaron nan ya ce zai tara dattawan unguwa su je su ba da haƙuri. Kafin a yi haka sai ga Madam Hannatu. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta zauna a tabarma ta sha ruwa, ta ce, "Mama, na gaji ne kawai. Ƙofar nan da wuya na samu aka buɗe ta." Wannan ya fi mari zafi. Na ce wa yaron nan ya bar dattawansa su huta. Bakin da ya yi ɓarna shi zai je.

Na jiƙa geron da na zo da shi daga gida, na daka da hannuna, na yi fura irin wadda ake kai wa surukai, na dama da nono mai kyau a sabuwar ƙwarya. Na ce wa Husna ta raka ni, ban san gidan ba. Ta biyo ni ba magana. Muka ratsa makaranta, ƙwarya a kaina ko riƙewa ban yi ba. Da muka iso ƙaramar ƙofa sai ta tsaya, ta dubi kaina, ta ce, "Haka za ki shiga?"

Maganar da ta fara yi mini ke nan tun ranar, ban da gaisuwa. Na sauke ƙwaryar, na cusa gammo a ƙugu, na ɗora ta a kafaɗa.

Jama'a, abin nan ba wasa ba ne. Taku na farko faifan ya zame. Na biyu fura ta gangaro mini ta wuya, sanyi har gadon baya. In na gyara nan, can ya karkace. Mata suka fara leƙowa daga gidaje, yara suka biyo mu, kaji ma suka biyo suna tsattsagar abin da ke zuba. Ni da ake yi wa kirari a bakin kogi, ga ni ina tafiya kamar kaguwa, ƙuda na rakiya. Na ji Husna a bayana tana wani irin tari, na san dariya take dannewa.

Mama Asabe na zaune a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, Rifkatu a gefenta. Na yi sallama, na durƙusa da abin da ya rage a ƙwaryar, wanda bai fi a ba yaro ba. Duk jawabin da na shirya ya gudu. Ni mai baki, na rasa baki. Ta daɗe tana kallona, daga kai har ƙafa, ga fura na ɗiga daga gwiwar hannuna. Sannan ta ce, "Mama Kano, wuyan ka yana ciwo ne? Mu kai ka asibiti?"

Gidan ya fashe da dariya, har wata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Na so in ce ni ba 'yar Kano ba ce, na ga ba ranar gyara ba ce. Na ce, "Yaya, na yi hauka a gaban mutane, na taɓa uwarki da ba ta yi mini komai ba. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta tashi ta karɓi ƙwaryar ta kurɓa, ta ce furar ta yi daɗi, saura ta bayana. Sannan ta mai da ita kafaɗata, ta tura ta baya kusa da ƙeya, ta kama hannuna ta nuna mini inda ake tallafewa. Sai ga abu ya zauna. Ta ce, "Mu ba mu sa kaya a kai. Kai yana ɗauka tunani na mutum duka. Kayan shi ya ishe shi."

Na ce, "To Alhamis fa? Yaran nan ba su yi laifi ba, Madam ma ba ta yi ba."

Ta ce, "Zan zo. Amma kai ma ka zo. Ka zauna kusa da ni, ka yi shiru, har a tashi."

Ban taɓa jin hukunci mai tsanani irin wannan ba. Amma na je. Na zauna a benci kamar 'yar aji ɗaya, bakina na ƙaiƙayi, tana koya wa yara yadda ake gane doyar da ta nuna. Sau biyu na buɗe baki, ta dube ni, na rufe. Sai da aka yi Alhamis da yawa sannan wata rana ta ce wa yara, "Yau Mama Kano zai ba mu labarin kura." Na bayar, da rana tsaka, ba abin da ya same ni. Ita ta fi kowa dariya. Rifkatu da Husna suna benci ɗaya a gabana, da muka fito Husna ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙawata, yau kin yi ƙoƙari."

Har yanzu a ka nake ɗaukar kayana, tsufa ya yi nisa da canji. Sai dai in na ga abin da bai yi mini ba a makarantar nan, nakan taɓa ta kusa da ni in tambaya kafin in miƙe. Maganar Mama Asabe kuwa na juya ta na ga gaskiyarta. Tun ina yarinya nake ɗora wa kan nan nawa tulu da itace da dami. Ranar da na nemi ya yi mini tunani, ashe ya gaji.